Zango na 7: Van der Poel na gaba da daƙiƙa 1, ga tudun Mûr-de-Bretagne gobe

Malam Habu (Alhamis da dare)

Assalamu alaikum jama'a. Gobe Juma'a, 11 ga Yuli, 2025, za a yi zango na 7 na Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, daga Saint-Malo da ke bakin teku zuwa Mûr-de-Bretagne, kilomita 197. Babu wani babban dutse a hanyar, amma kada hakan ya ruɗe ku. Ƙasar Bretagne ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, daga ka hau sai ka gangara, daga ka gangara sai ka hau, ga hanyoyin ƙauye masu matsi. Ainihin aikin yana cikin kilomita 20 na ƙarshe: za a hau tudun Mûr, a ratsa layi, a zagayo ta baya, a sake hawansa, kuma a kansa za a tashi. Tsawon tudun kilomita 2 ne, tsayuwarsa kashi 6.9 cikin ɗari.

Yadda aka kwana a jadawali: Van der Poel ne da rigar ɗorawa, wato rigar wanda ke kan gaba a jimillar lokaci, Pogacar na bayansa da daƙiƙa 1 tak, Evenepoel da daƙiƙa 43, Vauquelin da minti 1, Vingegaard da minti 1 da daƙiƙa 14. Ku tuna wanda ya ci zango ana rage masa daƙiƙa 10, na biyu 6, na uku 4.

Ni dai a ganina Pogacar zai ci, rigar kuma ta koma wurinsa. Mai ja ya fito.

Sadik

Wa alaikumus salam Malam. Ni sabo ne a harkar nan, daga ƙwallo na shigo. Kilomita 2 kacal ake ta wannan zuzutawa? Kwanaki kun nuna mana duwatsun da ake hawan kilomita 20. Wannan ai kafin mutum ya gaji an gama.

Anti Zainab

Sadik ƙanena, wannan 6.9 ɗin yaudara ce. Ma'anarsa dai a kowace tafiyar mita 100 hanya na ɗagawa kusan mita 7, amma ba haka tudun ya rabu daidai-wa-daida ba. Kilomita ta farko tana kusan kashi 10, hanya ce miƙaƙƙiya samɓal, ba kwana, kana ƙasa kana hango inda wahalar za ta ƙare. Daga nan sai ta kwanta, har can kusa da layi ta zama kusan shimfiɗa. To a dogon dutse kowa yana auna ƙarfinsa ne, ya san zai yi kusan awa yana hawa. A nan kuwa minti huɗu ne ko ƙasa da haka, kowa zai zuba duk abin da ke jikinsa. Wanda ya wuce gejinsa a kilomita ta farko, idan aka zo inda ta kwanta sai ƙafafu su ƙi, yana kallo a wuce shi.

Shi ya sa tudun yake da wuyar hasashe. Mai nauyin jiki yana shan wuya a ƙasa, mai hawan dutse zalla kuma ba shi da gudun da zai ƙarasa da shi a sama. Sai wanda ya haɗa biyun.

Nura

Wato dai Van der Poel kike siffantawa, Anti. Malam Habu, ni na ja. Kun manta 2021 ne? A kan wannan tudun dai, hawa biyu kamar na gobe. Ya kai hari a hawan farko ya kwashe daƙiƙa 8 na garaɓasa, ya koma cikin ayari ya huta, ya sake tashi a hawa na biyu ya bar su da daƙiƙa 6. Su wa ya bari? Pogacar da Roglic. Ranar ya karɓe rigar daga Alaphilippe. Mutumin da ya yi wannan, kuma ya doke Pogacar ran Lahadin nan a Boulogne-sur-Mer, shi za a ce ba zai iya ba?

Malam Habu

Nura, ka kawo Lahadi ka tsallake Talata. A Rouen wa ya ci? Pogacar, Van der Poel na biyu, kuma ita ce nasararsa ta 100 tun da ya fara sana'ar. Ɗaya da ɗaya ke nan. Amma ba ma wannan ne hujjata ba. Hujjata yau ce. Kilomita 201 daga Bayeux zuwa Vire, hawan da aka tara ya haura mita 3,500, kuma Van der Poel yana cikin mutum takwas ɗin da suka ɓalle, wuni guda yana shan iska a gaba. Da Healy ya tashi saura kilomita 42, bai iya ko motsawa ba. Ya iso na takwas, kusan minti 4 bayan Healy, ya zube ƙasa ana zuba masa ruwa. A 2021 zango na 2 ne, ƙafafunsa sababbi. Gobe kuwa kwana na bakwai ne, kuma zai tashi da bashin gajiyar yau.

Alhaji Isufu, Maraɗi

Salamu alaikum yara. Ku bar ni in sa baki, don wannan yanki na gobe shi ne gidan keke a Faransa. Hanyar za ta ratsa Yffiniac, garin da aka haifi Bernard Hinault. Sau biyar ya ci Tour, 1978, 1979, 1981, 1982 da 1985, kuma tun daga wannan ta ƙarshen babu Bafaranshen da ya sake ci. Shekara 40 cif bana. Ba banza masu shirya tsere suka bi da hanya ta ƙofar gidansa ba. Mu nan lokacin a rediyo muke bin sa, ba hoto, sai muryar mai sharhi da ƙarar jama'a.

Game da Mûr kuma, ku dubi waɗanda suka ci a kansa. 2011 Cadel Evans, ya doke Contador da ɗan abin da sai da aka duba hoto, har Contador ya ɗaga hannu yana zaton shi ya ci. A shekarar Evans ya ɗauki Tour ɗin gaba ɗaya. 2015 Alexis Vuillermoz. 2018 Dan Martin, wanda ya tashi tun saura fiye da kilomita guda ya riƙe har layi. 2021 jikan Poulidor. Duk cikinsu babu wanda ya ci daga 'yan ɓalle, ayari ne yake isowa gindin tudun a haɗe, manya su fafata.

Nura, abin da ya sa kuka ga Van der Poel yana kuka a 2021, kakansa na wajen uwa, Raymond Poulidor, sau takwas yana hawa dandamali a Tour, wato yana ƙarewa cikin ukun farko, amma bai taɓa sa rigar ɗorawa ko na wuni ɗaya ba, ya kuma rasu a 2019. Ranar yaron da zuciya ya hau tudun. Irin wannan ba kullum take zuwa ba.

Nura

Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Amma ai maganarka ni ta taimaka. Tunda tudun yana da wannan matsayi a wurinsa, gobe ma da zuciyar zai hau, ga riga a jikinsa. Kowa ya san rigar nan tana ƙara wa mutum ƙarfi.

Alhaji Isufu, Maraɗi

Tana ƙarawa, ɗana, amma ba ta rage nauyi. Yana kusan kilo 75, Pogacar wajen 66. A kashi 10 cikin ɗari wannan tazarar ba wasa ba ce.

Garba Kumasi

Ni tambayata daban ce. Kowa na magana kamar dole ayari ya iso a haɗe. Yau ai an bar 'yan ɓalle sun ci. Me zai hana gobe ma? Alpecin, ƙungiyar Van der Poel, ba su da ƙarfin riƙe tsere, Philipsen ya tafi gida tun zango na 3 da karayar ƙashin kafaɗa, kuma shugabansu a gajiye yake. UAE, ƙungiyar Pogacar, da kansu suka saki rigar yau. Wa zai ja ayarin kilomita 170?

Anti Zainab

Yaya Garba, sakin riga daban, sakin zango daban. UAE sun saki riga ne don ta ɗauke musu ɗawainiya. Mai riga kullum sai ya tsaya dandamali, ya tsaya 'yan jarida, ya tsaya gwajin ƙwayoyi, abokan hamayyarsa na otal suna hutawa shi yana tsaye. Kuma 'yan ƙungiyarsa ne al'ada ta ɗora wa jan ayari. Wannan suka gudar wa kansu. Har ma ina zargin saurin da Visma, ƙungiyar Vingegaard, suka ƙara a ƙarshen zangon yau, so suke rigar ta maƙale a wuyan Pogacar. Saura daƙiƙa 1 dabarar ta ci.

Amma gobe akwai daƙiƙa 10 a kan layi, a tudun da ya dace da Pogacar. A watan Afrilu ya ci tseren Flèche Wallonne na Beljiyam a kan tudun Mur de Huy, wanda ya fi wannan tsayuwa, kuma a zaune ya bar su. Ba na jin zai ga wannan ya kau da kai. Za su sa Politt a gaba tun da wuri, su bar mutum huɗu ko biyar marasa haɗari su tafi, su riƙe su a minti biyu. Alpecin ma kunya ba za ta bar su su naɗe hannu ba, suna da riga.

Garba Kumasi

To idan mutum goma sha biyar suka tafi fa, da irin su Healy da Simmons a ciki?

Anti Zainab

Shi ya sa awar farko za ta yi zafi. Ba za a bar irin wannan tarin ya tafi ba, za a yi ta kamowa har sai an samu 'yan kaɗan da kowa ya yarda da su. Healy kuma yanzu minti 2 ne kawai tsakaninsa da riga, ya daina zama wanda ake sakar wa hanya.

Sadik

Ku yi haƙuri da tambayoyina. Me ya sa sai an ja wa mutum? Ba kowa kekensa yake tuƙawa ba?

Malam Habu

Tambayi abinka, Sadik. Iska ce. A gudun kilomita 45 a awa, yawancin ƙarfin ɗan tsere wajen ture iska yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda ke tsakiyar ayari ya fi haka. Shi ya sa kowace ƙungiya take da mutum takwas amma ɗaya ake yi wa aiki.

Kuma wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin shi ne zai raba gardama gobe, fiye da tudun kansa: wurin da mutum yake lokacin da aka iso gindinsa. Kafin Mûr gangara ce, ana zuwa da gudu, kowace ƙungiya tana son shugabanta ya shiga cikin goma na farko. Wanda ya shiga a na arba'in, ko ya fi kowa ƙarfi, sai ya ƙone rabin ƙarfinsa wajen ratsa mutane, kafin ya iso gaba an riga an tafi. A 2018 Dumoulin da Bardet ba tudun ne ya kayar da su ba, matsalar keke ce ta same su ana dab da isowa, suka yi asarar lokaci. Wannan kokawar neman wuri ita ce abin da nake tsoro. Mutum fiye da 170, hanya ɗaya, kowa an ce masa ya kasance a gaba. Allah dai ya tsare.

UAE suna da Wellens, da Narváez, da Almeida. Visma suna da Jorgenson da Van Aert da Simon Yates. Van der Poel wa zai kai shi?

Nura

Shi ba ya bukatar a kai shi, Malam. Mutumin da ya taso a tseren laka da duwatsun Roubaix, neman wuri a ayari ai abincinsa ne.

Malam Habu

Wannan kam na ba ka.

Hadiza

Tun ɗazu ina karantawa, ba wanda ya ambaci Vingegaard sai a jadawali. Don ya yi rashin sa'a a tseren agogo na Caen, inda kowa ke gudu shi kaɗai ana auna masa lokaci, shi ke nan an binne shi? Ya zubar da fiye da minti guda ga Pogacar ranar, na yarda. Amma a Boulogne na uku ya zo, a Rouen ma na uku, kuma da Pogacar ya kai hari a tudun ƙarshe na Rouen shi kaɗai ya iya komawa bayansa. Da can a irin waɗannan gajerun tuddai ba a ganinsa. Bana ya ƙara tsoka, kowa ya gani. Ni ban ce zai ci ba, amma ba za a bar shi ba.

Sannan ku sa ido kan Vauquelin. Sau biyu a jere yana zuwa na biyu a Flèche Wallonne, 2024 da 2025, ya ci zango a Bologna bara, kuma ƙungiyarsa Arkéa ta Bretagne ce, a gida suke gobe, suna kuma neman mai ɗaukar nauyinsu na baɗi. Akwai kuma yaron nan ɗan Sikotlan, Oscar Onley, da ya zo na huɗu a Rouen.

Anti Zainab

Hadiza kin taɓo inda nake so. Matsalar Visma ita ce idan aka iso mita 200 na ƙarshe tare, Pogacar ya fi Vingegaard gudu, sai tazara ta ƙaru da daƙiƙa 4 ko fiye. Don haka ko dai su bar 'yan ɓalle su kwashe garaɓasar, ko su ƙona tseren tun hawan farko don a raba Pogacar da mataimakansa. Na fi zaton na biyun, haka suke yi tun Lille. Lissafinsu na mako na uku ne, so suke gajiya ta taru masa kafin Pyrénées da Alpes.

Evenepoel kuwa ba shi da tashin farat ɗaya irin na waɗannan. Abin da ya fi masa shi ne ya hau gaba ya sa gudu mai ƙarfi tun daga ƙasa don kada a yi ta tsayawa ana tashi.

Garba Kumasi

Namu fa? Girmay ba shi da rabo gobe?

Alhaji Isufu, Maraɗi

A kan layi dai babu, Garba. Yaron yana iya ƙananan tuddai, kada ku manta a Giro, babban tseren Italiya, na 2022, a Jesi, wannan Van der Poel ɗin ya doke a zango mai hawa da sauka, ranar da murfin kwalba ya buge masa ido a dandamali ya bar tseren. Amma kilomita guda a kashi 10, sau biyu, da gudun su Pogacar, ya fi ƙarfinsa. Aikinsa gobe shi ne makin tsakiyar hanya, ya rage tazarar da Jonathan Milan ya ba shi a koriyar riga, rigar wanda ya fi tara maki. Bara zango uku ya ci ya tafi Iritiriya da rigar, bana tun na biyun da ya yi a Lille ƙafar ba ta yi kaifin bara ba. Asabar da Lahadi shimfiɗa ce, can za mu neme shi.

Ku kuma masu son tuddai, ku ajiye ƙarfinku zuwa Satumba. Gasar duniya a Kigali za a yi, karon farko a Afirka, kuma tuddan can da duwatsun da aka shimfiɗa a hanya sun fi na gobe mugunta.

Sadik

Ƙarfe nawa za mu kunna?

Malam Habu

Faransa na gabanmu da awa ɗaya, mu da Nijar. Garba ku a Gana awa biyu. A je masallaci a dawo a ci abinci, ba abin da zai wuce ku. Daga ƙarfe uku agogon Najeriya kowa ya zauna, wajen La'asar za a tashi.

Garba Kumasi (Juma'a da rana)

An fi awa guda ana kai hari ana kamowa kafin a saki mutum biyar: Geraint Thomas, Baudin, Haller, García Cortina da Costiou. Ko minti biyu ba a ba su ba. Dattijo Thomas mai shekara 39, a Tour ɗinsa na ƙarshe, shi ne a gaba yana shan iska.

Hadiza

Costiou ɗan Bretagne ne, ɗan Arkéa. Ya bar sauran, shi kaɗai ya ratsa layi a hawan farko. Ku ji ihun mutane! Visma kuma sun kunna wuta a baya, ayari ya tarwatse.

Nura

Van der Poel ya ɗan ja baya amma ya dawo. Saura hawa ɗaya.

Anti Zainab

Innalillahi. An yi mummunar faɗuwa a gangara, saura kamar kilomita 6. Almeida na ƙasa. Haig ma, da Buitrago, da Healy.

Malam Habu (Juma'a da yamma)

An tashi. Pogacar na ɗaya, Vingegaard a bayan tayarsa lokaci ɗaya, Onley na uku. Evenepoel ne ya ja su a wurin da ya fi tsayuwa, Narváez ya karɓa da hanya ta kwanta, Pogacar ya tashi a mita 200 na ƙarshe. Zangonsa na 19 ke nan a Tour. Van der Poel ya iso bayan minti 1 da daƙiƙa 20. Sabon jadawali: Pogacar, Evenepoel daƙiƙa 54, Vauquelin 1:11, Vingegaard 1:17, Van der Poel 1:29. Nura, kana nan?

Nura

Ina nan, Malam. Ku ba shi hutun kwana ɗaya kafin wannan tudun ku gani. Zangon Vire ne ya ci shi, ba Mûr ba. Kuma kafin a je Faris zai sake ɓallewa, ku rubuta.

Hadiza

Wanda ya kamata a yi magana a kansa Onley ne. Shekara 22, ya shiga tsakanin waɗannan. Vingegaard kuma ko taku ɗaya ba a ba shi ba sai na garaɓasa.

Alhaji Isufu, Maraɗi

Ni ban ga ranar murna ga UAE ba. Sun samu daƙiƙa 4 a kan Vingegaard, sun kuma dawo da ɗawainiyar rigar da suka sauke jiya. Almeida ba ƙaramin mataimaki ba ne, shi ya ci Tour de Suisse a watan jiya, shi ne ake sa ran zai rage tare da Pogacar a manyan duwatsun Hautacam da Col de la Loze idan kowa ya zube. Ya iso yau kusan minti 10 a baya, jiki duk ƙurji. Visma na da Jorgenson, da Kuss, da Simon Yates wanda ya ci Giro bana. Ku ƙirga da kanku.

Anti Zainab

Haig ya fita daga tseren. Almeida kuma an ce haƙarƙari ɗaya ya karye, amma zai gwada tashi gobe. Gobe da jibi shimfiɗa ce, zai iya laɓewa a ayari. Litinin ce matsalar, zango na 10 a tuddan Massif Central, ranar 14 ga Yuli, kuma sai bayansa za a yi hutun farko. Mai karyayyen haƙarƙari numfashi mai zurfi ne yake gagararsa, kuma ranar babu inda za a ɓuya.